Ƙashin Akuya a Cinyar Rago

A cikin abubuwan da ake faɗa a kaina a gidan nan idan na ba da baya, akwai wanda nake so in gyara tun ina da ƙarfin riƙe biro. Wai ni Garba na taɓa wulaƙanta yayana a ranar Babbar Sallah, na aika masa cinyar rago da ƙashin akuya a ciki. Jikokina sun ji labarin a bakin iyayensu mata, sun mai da shi abin tsokana, duk wanda ya zo gaishe ni sai ya tambaye ni lafiyar akuya. To, an aika cinya, kuma ƙashin akuya ne a ciki, ban musa ba. Amma yadda aka yi aka kai ga haka ba a faɗa muku daidai ba, don cikin masu ba da labarin har da wadda ta ɗinke cinyar da hannunta.

Waɗanda ba su riski Yaya Sale ba, bari in gaya muku ko wane ne shi a wajena. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, ban ma iya tuna kamanninsa ba. Yaya ne ya rene ni, shi ya koya mini riƙon fartanya, shi ya je nemar mini auren matata, uwarku ku 'ya'yana. Da ruwan kanal ya zo yankin nan aka yanka gonaki, tawa da tasa suka faɗo gefe da gefe, kunya ɗaya ce ta raba mu. Kuma tun ranar da na kafa nawa gida, kowace magariba in an idar da salla sai ya taho zaurena da kwanon tuwonsa, a haɗa da nawa, mu ci tare. Ruwan sama bai hana shi, ciwon ƙafa bai hana shi. Ba wata hira mai daɗi muke yi ba, yawanci ma faɗa yake mini a kan ban iya ban-ruwa ba, amma in ban ji wannan faɗan ba tuwo ba ya wuce mini. Duk Babbar Sallah kuwa, cinyar dama ta ragon layyata tasa ce, a madadin uba. Ta hagu ta surukata ce, Iya, kakarku ta wajen uwa. Shi Yaya ba naman ne ya dame shi ba. Tsokar yara yake rarraba wa, ya riƙe ƙashin, ya buga shi a gindin turmi har ɓargon ya zazzago, ya lumshe ido yana tsotsa. Kowa a unguwa ya san shi da wannan.

Sai kuma 'yata Ummi. Sunanta na yanka Zulaihatu, sunan mahaifiyarmu ne, shi ya sa daga ni har Yaya babu mai iya kiransa. Ta karanta likitancin dabbobi, ba ta tsaya nan ba ta koma ƙarin karatu a wata jami'a a birni. Abin da ya kai ta kuwa a ƙofar gidanmu yake. Tumakin da ke kiwo a bakin kanal suna yawan kamuwa da ciwon hanta, ka ga tunkiya tana ci tana ramewa, haɓa ta kumbura, a yanka a tarar hantar ta lalace. Tun tana yarinya abin yake ci mata rai, musamman da yake wata tunkiyar tana kamuwa ta mutu, wata kuma suna shan ruwa ɗaya amma ko gezau.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah ta wannan shekarar, ta zo gida ta same ni a turke ina ba rago dusa. Ta daɗe tana zagaya shi, tana buɗe masa baki, tana duba idonsa, har na ce ko saye za ta yi. Sannan ta tsuguna ta yi mini bayani.

"Baba, cikin ɓargon nan da Baffa yake tsotsewa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Su ne iyayen jini. Daga jikinsu ake samun jajayen ƙwayoyin jini, daga jikinsu kuma ake samun farare, su ne sojojin da ke yaƙar cuta. Ni abin da nake son ganewa, in an ciro su daga ƙashi aka rene su a faranti a ɗakin gwaji, shin za su iya zama sojojin kamar yadda suke zama a cikin jiki, ko kuwa zaman faranti zai sangarta su. In sun zama, sai in haɗa su da cutar in ga yadda suke yi da ita."

Na ce ashe renon iri ne, kamar yadda muke renon shinkafa a fangali kafin dashe. Ta ce kusan haka ne, sai dai nata irin ba ya son ƙasa ko ƙwaya ɗaya. A nan matsalar take. Ta yi ta karɓo ƙashi daga kwata, amma mahauta kafin ka buɗe baki sun sara shi da gatari, datti ya shiga, farantanta su cika da fumfuna. Ga shi ba ta san irin allurar da aka dirka wa dabbar kafin a kai ta kasuwa ba. Lokacin karatunta ya zo gangara, malamarta ta ce in damina ta wuce ba ta samu abin nunawa ba, sai dai ta ajiye aikin ta faro wani daga tushe. Wannan ragon nawa kuwa a gabanta aka haife shi, ta san lafiyarsa, ba a taɓa yi masa allura ba. Ƙasusuwan cinyoyinsa take so, duka biyun, a zare su lafiya lau ba fashi, tun jikin da ɗumi.

Na je wajen liman na tambaye shi, ya ce ƙashin layya in kyauta za a bayar babu laifi, sayarwa ce ba a yi. Ta wannan gefen na huta. Saura gefen Yaya. Na auna na ga a shekara sau ɗaya yake samun wannan ƙashin, ita kuma yarinyar shekarunta ne na wahala za su zube. Na ce mata ta ɗauka. Niyyata in ɗauki cinyar da kaina in kai masa, in zauna in warware masa komai. Wannan ku riƙe shi da kyau, don shi ne ake cirewa in ana ba da labarin.

Ranar Sallah muka sauko daga idi, aka kayar da rago. Kun san a wajenmu ba a datsa naman layya ranar yanka, sai ya kwana a rataye ya tsane. Wannan karon muka karya al'ada. Ummi ta sa safar hannu ta roba, ta tsaya a kan Ado mahauci tana nuna masa inda zai bi da wuƙa. Ado yana aiki yana mita, wai tunda yake fawa bai taɓa ganin an lallaɓa ƙashi an wofintar da nama ba. Da ƙasusuwan suka fito ta goge su da wani ruwa mai warin asibiti, ta naɗe a leda, ta binne cikin kular ƙanƙara. Ko tuwon Sallah ba ta tsaya ci ba. Na goya ta a babur muka bi gefen kanal har bakin titi, na tsaya sai da na ga ta samu motar birni, kular a kan cinyarta.

Ina can bakin titi, ashe uwarku tana nan tana kallon cinyoyin nan biyu a faifai, sun yi laɓo-laɓo, ba su da siffa. Ta Iya ta aika da ita a haka. Iya kuwa da ba ta da haƙori ko na rantsuwa, ta yi ta sa albarka, ta ce sai bana aka tuna da halin da take ciki. Amma ta Yaya, uwarku ta ce ita ba za a yi wannan abin kunyar da ita ba, ba a kai wa babban wa cinya kamar jakar da aka zazzage. Maƙwabtanmu sun yanka akuya tun jajibere, har sun datsa ta. Ta leƙa ta katanga ta roƙi ƙashin cinya, ta cusa shi a ciki, ta sa allura da zare ta ɗinke bakin tsaf, ta shafe wurin da kitse. Aikin ya yi kyau, na yarda. Abin da ta manta shi ne mutumin da za a kai wa ya yi ƙuruciyarsa yana dillancin tumaki da awaki. Yaya ko a duhu ka miƙa masa ƙashi zai gaya maka na akuya ne ko na tunkiya, har ya ƙara maka da shekarunta.

Na dawo na tambayi cinya, aka ce ai an kai. Ban san da ɗinkin ba. Magariba ta yi, Yaya bai zo ba, na ce ko gajiyar Sallah ce. Washegari da hantsi sai ga kwanonmu an dawo da shi a rufe. Kun san ba a mai da kwano haka nan, sai da ɗan tukuici a ciki. Na buɗe, na tarar da ƙashin akuya an wanke shi tas, an ɗora masa zaren ɗinkin a naɗe. Na ɗaga kai na dubi uwarku, ita kuma ta ga ya kamata ta je ta duba miya.

Da yamma na tafi gidansa. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Na gaishe shi, na faɗa masa Ummi ce ta buƙaci ƙashin don karatunta, ɗinkin kuma ba da sanina aka yi ba. Bai ɗago ba.

"Ba komai," in ji shi.

Wanda ya san Yaya ya san da ya zage ka ya fi ya ce maka ba komai. Ni ma kuma ba a rasa ni da zuciya ba. Na ce a raina na zo har gida, na yi bayani, me kuma ya rage, in kwanta ya taka ni? Na kakkaɓe rigata na ce to ba komai ɗin, na yi gaba.

Haka muka shiga dashen shinkafa na wannan daminar. Yana gonarsa ina tawa, kunya ɗaya tsakaninmu, sallama kaɗai ke haɗa mu. In ya ga na saki ruwa ya wuce kima, maimakon ya yi mini faɗa yadda ya saba sai ya yi tsaki ya juya. Wallahi tsakin nan ya fi faɗan zafi. Magariba kuwa in aka kawo tuwo zaure sai in zauna ni kaɗai ina jin motsin kowa a waje, duk takun da ya doso ƙofa in ɗauka shi ne. Na rame, uwarku ta ce aikin dashe ne, alhali ta fi kowa sanin dalili. Ta so ta je ta ba shi haƙuri, na hana ta, don taurin kai. Ummi kuma muka ɓoye mata komai don kada hankalinta ya rabu biyu.

Ita tana can tana fama da farantanta. Tana ajiye su cikin wani akwati mai ɗumin jikin dabba, tana sauya musu wani jan ruwa da shi ne abincinsu, ko gida ba ta leƙowa. Bayan kamar mako guda sai ga saƙo ya shigo wayata, hoto mai motsi da ta ɗauka ta madubin ƙara girma. Muka taru a tsakar gida muna kallo. Wasu 'yan abubuwa ne kamar ɗigon mai a kan ruwa, sun fitar da hannuwa suna rarrafe, in sun ci karo da wani baƙin ɗigo sai su lulluɓe shi su haɗiye. Ta ce ga su nan, sun zama sojoji, faranti bai sangarta su ba. Uwarku ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa. Ni kuwa murna ta cika ni, amma tana da rami a tsakiya, don mutumin da na fi so in miƙa wa wayar yana can bayan katanga biyu yana tufkar igiya.

Murnar ba ta daɗe ba. Ana saura gwaji na ƙarshe, wanda shi ne za ta rubuta ta miƙa, aka ɗauke wuta a ranakun hutu, janareta kuma ya ƙi tashi. Kafin a ankara akwatin ya huce, duk abin da ke cikin farantan ya mutu. Ummi ta dawo gida ido a kumbure, ta shige ɗakin uwarta ta kwanta. Sallah ta wuce, rago na biyu babu, damina kuma ta raba. Matan unguwa suka yi ta shigowa jaje, ko da yake yawancinsu ba su san takamaimai abin da ya mutu ba. Wata tsohuwa ma ta ba ta shawarar nan gaba ta riƙa sa musu barkono a ruwan sha, ita kajinta da shi suke tsira.

Kwana biyu da dawowarta, bayan la'asar, ina zaune a zaure na ji sallama da muryar da na yi makonni ban ji a ƙofata ba. Yaya ne, riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma ɗan ragon da yake kiwo don sunan jikan da ake jira a gidansa. Ya ɗaure shi a jikin dalbejiya, ya shigo ya zauna nesa da ni.

"Jaje na zo yi wa Ummi," ya ce. "Ba wajenka na zo ba."

Aka kira ta, ta fito ta durƙusa. Ya ce an gaya masa dabbobinta sun mutu, Allah ya mayar da alheri. Sannan ya tambaye ta ko kafin su mutu sun taɓa yin faɗan da aka rene su dominsa. Ta karɓi wayata ta nuna masa. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sa aka sake kunnawa, ya sake sa aka kunna. Ina ganin gemunsa yana motsi, alamar yana danne murmushi.

"Waɗannan daga ƙashina suka fito ko daga na Iya?"

"Haɗa su na yi, Baffa."

"Shi ya sa suka mutu. Ina aka taɓa haɗa rabona da na tsohuwar da ba ta da haƙori?"

Ummi ta yi dariya, karon farko tun da ta dawo. Ya nuna mata ragon, ya ce ta duba shi, allura dai ta san ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Wannan gaskiya ne, don shekara da shekaru tana rigima da shi a kan ya bari a yi wa dabbobinsa rigakafi yana ƙi, ga shi yau taurin kansa ya yi rana. Ta ce ai ragon suna ne, ba za ta iya karɓa ba. Ya ce jaririn da bai iso ba ba shi da bakin magana, in ya zo Allah zai kawo nasa. Daga nan ya juyo gare ni, ya dube ni ido cikin ido.

"Garba, kana tsammanin ɓargo ne ya hana ni zuwa gidan nan? Na sha ɓargo tun ba a haife ka ba. Yarinyar nan sunan uwata gare ta kamar yadda yake sunan uwarka. Tana neman ƙashi, kuka rufe ƙofa kuka gama shawara ku kaɗai, ni kuma aka ɗinke mini baki da zare kamar baƙon da ake jin kunyarsa. Da ka tako tun kafin Sallah ka ce Ummi tana so, ko na ƙafata ta nema sai in miƙa wa Ado ya zare."

Har yau ina nan a kan bakana, ba da ƙashin daidai ne, kuma ba ni na yi ɗinki ba. Amma maganar ta shige ni, idona ya kawo ruwa, na sunkuyar da kai ina gyara tabarmar da ba abin da ya same ta. Uwarku da ke laɓe bayan ƙofa ta leƙo ta ce a yafe mata. Ya ce ya yafe, amma ta daina ɓata basirarta a kan nama, ta je ta buɗe shagon ɗinki.

Da sassafe aka yanka ragon. Yaya ne ya riƙe ƙafar da kansa, yana yi wa Ado tsawa ya bi a hankali, kamar shi ya shekara yana wannan aikin. Naman ya rabar sadaka. Da aka zo tafiya bakin titi ya ce ba zai bar kular a hannun mutanen da ba su da riƙon amana ba, ya hau bayan babur ɗina ya rungume ta, Ummi ta biyo mu a keken haya. Duk hanya yana yi mini faɗa a kan ramuka, ni kuwa ina jin daɗin faɗan har cikin raina.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Ɓargon ragon Yaya ya yi kyau a faranti, sojojin suka fito, Ummi ta gama gwajinta kafin a yanke shinkafa, ta samu takardarta. Yaya ya yi ta bin majalisa yana gaya wa mutane ragonsa yana koyarwa a jami'a. Jikan da aka jira ya zo, ni na sayi ragon sunansa. Kai ne, Salisu, don haka ka fi kowa cancantar daina tambayata lafiyar akuya.

Amma ni abin da na zauna in rubuta shi ne magaribar ranar da muka kai kular. Na idar da salla, aka ajiye mini tuwo a zaure, na zauna ban buɗe ba. Can na ji taku, na ji an cire takalmi a bakin ƙofa. Ya shigo da kwanonsa a hannu, ya tsaya a kaina.

"Matsa mini," ya ce.

Na matsa. Ya juye tuwonsa a kan nawa, ya yi bisimilla, ya ce gobe in rage ruwan da nake sakin wa shinkafar nan kafin in kashe ta. Bai sake fashin zuwa ba sai ranar da muka ɗauke shi zuwa makwancinsa.